Gudun Babbar Riga

Lauratu, an yi shi! Wallahi an yi gudun nan, ke kuma kina can Fulatan wajen kakarki kina ɓarar gyaɗa. Kin yi asarar kallo. Ajiye jakar nan ki matso, tun daga tushe zan ba ki, don na san ko rabin labarin ba ki tafi da shi ba.

Kin dai san Audu mijin Yayata Saude. Wanda ya ɗan zauna a Kano yana tsaron shagon wani mai sayar da riguna da takalman ƙwallo, ya dawo Karaye yana ce wa kowa harkar wasanni ya yi a birni. To tun da famfon burtsatsen makarantarmu ya mutu muka koma jidon ruwa daga rijiya kafin mu shiga aji, iyaye suke ta zama a kan yadda za a gyara. Maganar ta kai teburin Bahauddeen mai shayi, inda Audu yake yini. Sai ya dangwarar da kofi ya ce matsalar garin nan rashin wayewa ce. Wai a manyan birane ba a bin gida-gida ana roƙo. Gudu ake shiryawa a kan titi, kowa ya sayi lamba ya manna a ƙirji, kuɗin lambar a yi aikin alheri da shi. Kuma kowane gudu da irin shigarsa, wasu su yi shigar likitoci, wasu su shafe jikinsu da launi kamar 'yan tashe. Har ya nuna musu a waya. Ya ce na Karaye kuwa Gudun Babbar Riga za a kira shi, kowane ɗan tsere da babbar riga da hula, duniya ta ga al'ada.

Bahauddeen ya tambaye shi ko ya taɓa yin gudu a rayuwarsa, ban da ranar da karen gidan gona ya biyo shi. Audu ya ce shi da ya yi gudun yada-ƙanin-wani a Legas har Turawa suna tambayar sunansa. Wani dattijo a gefen benci ya ce ƙanin wa ya yar a can, don dai nasa ƙannen duk suna gida lafiya lau.

Da farko cewa ya yi daga Karaye har Rogo za a yi. Da aka tuna masa ko a mashin sai ya tsaya ya sha ruwa a hanya, sai ya ce saboda tausayin sauran 'yan tsere zai rage. A tashi daga bakin tasha, a ratsa tsakiyar unguwar Daura, a ƙare a ƙofar makarantarmu.

Ya buga lambobi, ya buga ƙaton ƙyalle mai hotonsa ya naɗe hannu a ƙirji, ya yi hayar lasifika yana zaga gari. Ba wanda ya sayi lamba. Samari suka ce su biya kuɗi kuma su yi gudu? In gudu ne ai kyauta suke yinsa duk ranar da shanu suka shiga gona. Bahauddeen ya ce masa a wayar da ya nuna musu ai ya ga ana ba na ɗaya kyauta, shi me ya tanada? Audu ya ce ba buƙata, tunda kowa ya san wanda zai zo na ɗaya.

"To tunda kai ne, sa mashin ɗinka mana," in ji Bahauddeen. "Ka ɗauke shi da hannun dama ka karɓa da na hagu."

Kin san mashin ɗin nan. Jan nan mai tuntaye a madubi. Da shi yake kai mutane kasuwar Rogo, da shi yake ɗauko buhunan gyaɗa, da shi gidansu yake cin tuwo. Ranar da Yaya Saude ta shanya ɗankwali a kansa sai da suka kwana ba sa magana. Amma mutane sun zuba masa ido, bakinsa kuma ba ya jiran kansa. Ya ɗauki lasifikar da hannunsa ya shelanta wa gari cewa duk wanda ya fara taɓa igiyar ƙofar makaranta, ko wane ne shi, ko ɗan gidan uban waye, mashin ya zama nasa halak malak. Kafin la'asar lambobi sun ƙare. Har daga Kwanyawa aka zo saye, har daga Fulatan ɗinku.

Ya fita atisaye sau ɗaya da safe, da babbar riga, yana haki ta cikin Daura. Mata suka ga ƙato a guje, suka janye yara suka banke ƙofofi, wani ya fito da gora yana tambayar ta ina suka shigo. Bai sake ba. Ya ce manyan 'yan tsere hutawa suke yi kafin rana.

To ga inda abin ya kwaɓe. Audu ya ga a waya ana tsayar da wani babban mutum a gaban 'yan tsere a ɗauki hoto kafin a tashi. Ya ce wa ya fi dacewa irin surukinsa, Sarkin Aska guda? Babanmu ke nan. Amma kin san yadda yake da Baba. Tun da ya auri Yaya bai taɓa kallon fuskarsa ba. In ya hango shi daga nesa, ko dai ya tuɓe takalmi tun daga can ya durƙusa, ko ya faɗa lungu. Ba zai iya zuwa ya faɗa masa da bakinsa ba. Sai ya ba Yaya Saude lamba ta ɗaya da ya ajiye, ya ce ta kai gida, ta ce ana neman albarkar Baba, ya zo ya tsaya a gaba a ɗauki hoto, da an busa usur sai ya koma gefe, an tanadar masa kujera a inuwa. Yaya ta faɗa wa Inna, Inna tana kan suyar ƙuli-ƙuli mai yana fallatsa. Inna ta leƙa zaure ta faɗa wa Baba, Baba yana wasa aska. Abin da ya isa kunnensa shi ne mijin Saude ya ce ya tsaya a gaba. Baba ya tambaya har ina. Inna ta ce wai har makarantar su Auta, ni ke nan. Baba ya ce to, dama yana son ganin famfon nan da ake ta magana.

Ranar Asabar da hantsi gari ya cika a bakin tasha. Ke Lauratu, ba ki ga riguna ba. Wanda ya aro ta babansa, wanda ya zaro ta aurensa daga ƙasan akwati tana warin kafur, wani siririn yaro ɗan Kwanyawa ya shige cikin ta kakansa sai hular kawai ake gani tana tafiya. Audu kuwa shadda ya aro wajen kawunsa, an dama mata sitati har in ya fita daga ciki za ta iya tsayuwa ita kaɗai. A ƙasa gajeren wando da kambas, ya ɗaure igiyar tamau ya ƙara ƙulli a kan ƙulli. An kai mashin ƙofar makaranta an rataya masa balan-balan. Mu kuma 'yan mata aka jera mu a hanya da bokitan ruwan da za a ba 'yan tsere, wanda mu ɗin dai muka jido daga rijiya tun da safe.

Baba ya iso da zabirarsa a kafaɗa, lamba ɗaya manne a ƙirji da allurar Inna. Aka tsayar da shi a gaba, aka ɗauki hoto. Audu ya laɓe a can bayan sahu don kada surukinsa ya ga ƙwaurinsa a waje. Daga nan ya busa usur.

Baba ya ce bismillahi, ya gyara zabira, ya kama hanya. A tsakiyar titi. Da tafiyarsa ta kullum, irin wadda yake zuwa gidan suna.

Ƙarti suka zabura gaba ɗaya, suka ja birki gaba ɗaya, na baya suka hau na gaba. Don wa zai shiga gaban Sarkin Aska? Duk namijin da ke sahun nan in dai a Karaye aka haife shi, Baba ne ya yi masa askin suna, kuma shi ya yi masa shayi. Ba irin na Bahauddeen ba, wannan ba a sa masa madara. Sai ga garada cikin manyan riguna suna gudu a wuri ɗaya, gwiwa na tashi, hula na rawa, ba wanda ya ci gaba da taku ɗaya sai in Baba ya taka.

Wani ɗan gidan mahauta ya ga mashin zai wuce shi a banza, ya fara raɓawa ta gefen kwata a hankali. Baba ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce wannan numfashin ya san shi, ba shi ne wanda ƙarti suka danne yana kiran sunan kakarsa har ya yi wa mai riƙon ƙafarsa fitsari ba? Titi ya ɗauki shewa. Yaron ya narke ya koma cikin sahu, bai sake ɗago kai ba.

Sai Mujahid, ɗan Fulatan ɗin nan mai buga ƙwallo, wanda kowa ya san in ana maganar gudu na gaskiya shi ne. Shi ba Baba ya yi masa ba, ba abin da za a tona. Ya ware ta dama kamar barewa. Amma ɗan mutunci ne, ba zai gifta dattijo ba gaisuwa. Ya ɗan rusuna ya ce barka da hantsi Baba, ƙafa ɗaya tana shirin tashi. Baba ya ce yawwa samari, daga ina? Ɗan gidan wa? Au, jikan wane ne? Yana nan da ransa? Ciwon bayan nan nasa fa, wanda na yi masa ƙaho? Mujahid yana amsawa yana kallon titi fetal a gabansa kamar zai yi kuka. Da Baba ya gama sai ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ungo riƙe min zabirar nan ta dame ni a kafaɗa. Shi ke nan. Wanda ya fi kowa gudu a ƙasar Rogo ya koma ɗan rakiya, rungume da jaka.

Audu yana can baya gumi yana jiƙa sitati. Yana ta lissafi a ransa: in aka tafi a haka Baba ne zai fara isa, in Baba ya fara isa mashin ya tafi, in mashin ya tafi ranar kasuwar Rogo da ƙafa zai ɗauki fasinja. Ya aika a raɗa wa Baba cewa ga kujera can a inuwa. Wanda aka aika ya je ya dawo ya ce Baba ya gode, amma an ce ya tsaya a gaba, shi kuma ba ya saɓa maganar suruki.

Bahauddeen ya rufe teburinsa ya biyo tsere da buta da kofuna, yana sayar wa 'yan gudu shayi suna tafe suna kurɓa. Ya jero da Audu.

"Na Legas, in haɗa maka mai kauri? Akwai lokaci."

"Dabara ce. Gudun nesa ba a fara shi da wuta."

"Ai wannan ko hayaƙi babu."

"Za ka gani."

"Ina gani. Ga akuya can ta wuce ku."

Nan zuciya ta ɗebi Audu. Ya ce a ransa ai shi ya zana hanyar, shi ya san inda take lanƙwasa. In ya bi lungun bayan masallaci zai ɓullo can gaba, Baba bai gan shi ba, shi bai gifta Baba ba, kowa ya huta. Ya tattare riga ya faɗa lungu da gudu na gaskiya, na farko a ranar. Bai san Iya Mero ta baza shanyar gyaɗa daga bango zuwa bango ba. Ƙafa ɗaya ya sa, gyaɗa ta ɗauke shi, ya tafi a zaune har gindin turmi. Iya Mero ta cafke wuyan shaddar ta ce ko gobara ce a gidansu sai ya tsince mata abinta ƙwaya-ƙwaya, in ba haka ba yanzu ta aika a kira uwarsa, tare suka yi 'yan matanci. Ya ce Iya tsere nake. Ta ce da wa, ita ba ta ga kowa ba. Haka ya durƙusa yana tara gyaɗa da hular aro, kaji suna taya shi.

Da ta sake shi ya fyalla, ya ɓullo bakin titi, ya yi tsalle ya dira. A ina? Daidai gaban Baba. Ido da ido.

Lauratu, ya zube. Ya kama kambas zai tuɓe, ƙullin nan da ya yi ya ƙi kuncewa, ya ja da hannu, ya sa haƙori, gari yana kallo. Da ƙyar ya fizge su ya ajiye a gefe ya sunkuyar da kai. Baba ya amsa gaisuwa a natse, sannan ya dube shi da ɓawon gyaɗa a gashi.

"Ashe kana gaba, Audu?"

"A'a Baba, a baya nake. Kuskure aka samu."

"To koma."

Ya koma. Da takalma a hannu, yana raɓa bango, sahu ya buɗe masa hanya har ƙarshe. Bahauddeen ya ce masa sannu da dawowa, ya hanya.

Ana isa tsakiyar Daura sai Baba ya tuna akwai wani tsohon abokinsa da ba shi da lafiya. Ya juyo ya ce wa 'yan tsere su ɗan jira shi, yanzu zai fito. Ya tuɓe takalmi ya shiga zaure, ya zauna yana fuskantar titi. Tsere gaba ɗaya ya zauna a gindin dalbejiya. Mai rake ya yi ciniki. Wasu suka kafa dara a ƙasa. Wani ɗan Kwanyawa ya shimfiɗa babbar rigarsa ya yi barci.

Audu ya ga wannan ce damarsa ta ƙarshe. Titi ba zai biyu ba, idon Baba yana kai. Ya mayar da takalmansa, ya sulale ta bayan gidaje, ya nufi gonar rogon da ke tsakanin unguwar da makaranta. Yaya Saude ce ta ba ni wannan ɓangaren, don shi ya faɗa mata tana gasa masa jiki da ruwan zafi. Ya zo tsallake darni, shaddar ta maƙale, ya rataye yana lilo kamar an shanya shi. Yana nan rataye wata tunkiya ta zo ta cinye lambar ƙirjinsa tas, tana kallonsa cikin ido. Ya yi ta fizga har rigar kawu ta ce ɓarrr daga hammata zuwa ƙasa. Ya faɗo ya miƙe ya ruga cikin rogo, ganye ya rufe masa ido, bai ga ramin da masu tubali suka kwaɓa ƙasa ba. Ya shige har ƙugu. Kambas ɗaya tana can har yanzu. Masu tubalin suka zaro shi, suka ce tunda ya tattaka musu rabi ko zai ƙarasa.

Lokacin da ya fito bakin hanya, Baba ya daɗe da gama dubiya. Ga ayari can ya doshi ƙofar makaranta, Baba a gaba, Mujahid da zabira, manyan riguna a baya suna jan ƙafa. Ga shugabar makarantarmu da wata malama sun ja igiya. Ga jan mashin yana ƙyalli da balan-balan.

Audu ya tsaya, laka tana ɗiga. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin tasa. Kunya ai ta fuska ce. In Baba bai ga fuskarsa ba, ba suruki ba ne ya wuce shi, wani ne kawai. Ya kamo bayan rigar ya kifa a kansa ya lulluɓe har haɓa, ya bar 'yar kafa ta ido ɗaya, ya saki ƙafa.

Wallahi ya yi gudu. Wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, laka tana fallatsa, yara suna ihu ga dodo, ya keta sahu, ya wuce ɗan gidan mahauta, ya wuce Mujahid, ya wuce Baba fuu kamar iska. Mu muna bakin ƙofa muna tsalle. Igiya tana gabansa, in ya miƙa hannu sau biyu ya taɓa.

Baba bai ko ɗaga murya ba.

"Waɗannan ƙafafun ai na mijin Saude ne. Audu, ya iyali?"

Ya rantse wa Yaya cewa shi bai yi niyyar tsayawa ba, gwiwoyinsa ne suka naɗe da kansu. Sai ganinsa muka yi a durƙushe a gaban igiya, riga a ka, murya tana fitowa daga cikin shadda: "Lafiya lau, Baba."

Bahauddeen yana daga gefe yana ce masa miƙa wuya, miƙa wuya kawai. Ina. Baba ya tambayi Saude, ya tako. Ya tambayi yara, ya tako. Ya tambayi mahaifiyarsa da jirin da take fama da shi, ya tambayi gyaɗar bana, ya tambayi kawunsa mai shadda. Audu yana ta lafiya lau, alhamdu lillahi, sun gode, yana jin takun silifas yana matsowa ta gefen kunnensa. Baba ya zo ya gifta shi, ya tarar da igiya a gabansa. Ya ce wa ya tare hanya da igiya sai ka ce turken awaki? Ya sa hannu ya danne ta ya tsallaka.

Mai riƙe da lasifika ya shelanta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni dai ban san lokacin da na kifar da bokitina ba.

Baba ya juyo ya ce an ce ya tsaya a gaba, ya tsaya, akwai saura? Shugabarmu ta ce saura kyauta, ta nuna masa mashin. Ya zagaya shi yana kallo kamar an kawo masa baƙon rago. Ya tambaya na wane ne. Aka ce na Audu ne, amma yanzu nasa ne, Audu da bakinsa ya shelanta. Sai Baba ya karɓi lasifikar ya ce shi ya aurar da 'ya'ya da yawa, amma bai taɓa ganin suruki mai alheri irin wannan yaron ba. Ya shirya taro guda, ya tara garuruwa, duk don ya ba tsoho abin hawa ba tare da ya kunyata shi ba. Ya ɗaga hannu ya shiga sa masa albarka. Gari yana amin. Audu ma, daga cikin riga, amin.

Da yake Baba ko keke bai iya ba, sai ya ce Audu ya taimaka ya kai masa gida. Bai isa ya hau ba, tunda Baba a ƙasa yake. Haka ya turo shi tun daga makaranta har zaurenmu, a bayan Baba, balan-balan suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, Bahauddeen yana binsa yana tambaya ko a Legas ma haka ake kai wa na ɗaya kaya har gida.

Tun ranar mashin yana zaurenmu. Audu ya roƙi Yaya Saude ta je ta yi wa Inna magana Inna ta yi wa Baba, Yaya ta ce ita ta daina ɗaukar saƙo. Shi kuma ba zai iya buɗe baki ya ce Baba ba ni abina ba. Sai ya ɓullo da wata hanya. Kullum da safe zai zo da bokiti da tsumma, ya tuɓe takalmi a waje, ya wanke mashin, ya goge madubi, ya taje tuntaye, ya ɗan yi tari ko Baba zai ce ɗauki abinka. Baba sai ya leƙo ya ce kai, yaron nan akwai biyayya, ya koma ciki. A teburin shayi kuwa cewa yake duk shiri ne, shi ya bar wa Baba da gangan don ya koya wa samarin garin nan tarbiyya, mashin kuma ajiya ce, kwanan nan zai dawo. Ya canza masa baƙin mai. Ya sa sabuwar tayar gaba. Ya ce ta baya ma tana hanya, don in Baba ya ga irin hidimar da yake yi zuciyarsa za ta yi laushi.

To matso, ga wanda ba wanda ya sani. Jiya bayan la'asar shugabarmu ta zo gaishe da Baba, ina tsakar gida ina tankaɗe, komai a kunnena. Ta ce kuɗin lambobin bai kai gyaran famfo ba, ƙyallen hoton Audu da hayar lasifika da rumfa sun cinye fiye da rabi. Baba ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ga ƙarfe nan ya tare masa zaure ko wurin shimfiɗa buzu babu, a sayar a ƙarasa aikin, yara su huta da rijiya. Har an sami mai saye. Kin san wa? Bahauddeen. Wai zai riƙa ɗauko burodi da shi.

Shugabarmu ta ce to yaushe za a zo a ɗauka. Baba ya ce a ɗan dakata tukuna, yaron nan ya ce zai sa tayar baya, kada a katse masa lada.

Don Allah Lauratu, don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa. Ko Yaya Saude ba ta sani ba. Ki riƙe bakinki ko zuwa jibi ne. Yanzu da zan fito na wuce shi a zaure, ya tuɓe takalmi, ya kwantar da mashin, yana ta fama da sifana.